Zanen Wanda Ya Zo Ƙarshe

Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ba a nan zan fara ba. A garinmu uwa ba ta wasa da ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta tsare shi da ido a gaban mutane. Da gefen ido na raine shi. Da gefen idon kuma na ga duk abin da zan faɗa.

A ƙasar Kano aka haife ni, aure ya kai ni zangon Kumasi, tsufa ya kawo ni Bronx, a Amurka. Bayan rasuwar mahaifinsa ya aika aka ɗauko ni, wai in zo in huta. Hutun shi ne hawa na huɗu a wani dogon gini kusa da titin Grand Concourse, wanda lif ɗinsa ke aiki ranar da ya ga dama. Shi yana tuƙin tasi, matarsa tana jinyar tsofaffi a gidajensu, ni ina gida daga tukunya sai taga.

Kowace shekara in zafi ya kusa ƙarewa, wajen ƙarshen watan Agusta, akwai wata Lahadi da maza tara suke hawo benen nan bayan azahar, shi ne cikon na goma. A ari kujeru a maƙwabta, a kunna fanka a taga, a manna wani babban farin kwali a bangon falo. Diraf suke kiran ranar. Ƙwallon Amurka ce, mai siffar ƙwai, wadda ƙarti ke runguma su ruga ana kayar da su. Mazan nan ba bugawa suke yi ba, ko filin yawancinsu ba su taɓa gani ba. Rabon 'yan wasan suke yi a tsakaninsu, bi da bi, kowa ya haɗa nasa. In kaka ta shigo aka fara wasa na gaske, duk abin da ɗan wasanka ya yi a fili ranar Lahadi, maki ne a gare ka. Haka za a yi ta tafiya har tsakiyar sanyi, a fitar da na ɗaya, a fitar da na ƙarshe.

Shekarar farko na tsaya a bakin falo na tambaya ko caca ake yi mini a gida. Suka rantse ba ko sisi. Wai da can an taɓa sa kuɗi, limamin masallacinsu ya ji, ya wanke su tas a gaban jama'a. Daga nan suka sake doka. Wanda ya zo na ƙarshe, ranar diraf ta baɗi shi zai ɗaura zane a kan kayansa, ya zuba wa kowa ruwan wanke hannu, ya kai wa kowa abinci har inda yake zaune yana cewa ranka ya daɗe. Ladansa ɗaya, shi ke fara zaɓe. Zanen ma nawa ne, wata tsohuwar atamfa mai ruwan goro da suka ɗauka a kan igiya ba tare da sun tambaye ni ba. Na yi faɗa. Na ce maza da gemu, wasu har da furfura, ba kunya ba tsoron Allah. Na kuma kafa tawa dokar, ban yarda in ji ashar a gidan nan ba. Suka ce to, Mma Hajiya. Zanen dai bai dawo ba.

Ban yi boko ba, rubutun kwalin nan bai taɓa ce mini komai ba. Amma sunan kowane ɗan wasa a kan 'yar takarda mai launi yake, ita ake mannawa a layin wanda ya zaɓa, launi kuwa ba ya bukatar malami. Kore na masu gudu da ƙwallo ne. Shuɗi na masu cafewa. Ja na mai jefawa ne, shugaban fili, wanda suke kira kwatabak. Ina kai ruwa ina ɗauke kwanuka, har na san layin kowa kamar yadda na san takalmansu a bakin ƙofa. Layin ɗana kore ne a sama, kore, shuɗi, kore, shuɗi. Sai ka sauko can ƙasa, inda mutum sai ya sunkuya zai manna, sannan ka ga ja.

Akwai wani ɗan Nijar a cikinsu, direba a wani ofishin jakadanci, dogo, kullum cikin farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure. Shi da ja yake farawa, kowace shekara. Zai miƙe ya gyara hula ya kira sunan kwatabak ɗinsa da ƙarfi, sai falon ya kaure.

"Ya sake! Wallahi ya sake!"

"Ku yi ta haushi," in ji shi. "Kwatabak shi ne liman. Wa ya taɓa ta da sahu babu liman?"

"A masallacinmu in liman ya makara, mutum nawa ke iya jan salla?" in ji ɗana. "Kai kanka an taɓa tura ka gaba, da ƙulhuwallahunka guda ɗaya."

"Kai dai mi ka sani? Direban tasi, jira ya zame maka jiki."

"Ni jira nake, kai zane kake ɗaurawa. Sau nawa ke nan, amarya?"

Sau biyu ɗan Nijar ya ɗaura zanen nan a idona, kuma bai daddara ba.

Wata rana ina tsinke kuɓewa, ɗana yana shan ruwa a bakin firji, na ce da tukunya, ba da shi ba, "In jan nan shi ne babba a fili, me ya sa ake barinsa sai ƙarshe?" Shi ma tukunyar ya ba amsa, don haka muke hira ni da shi tun yana yaro. Ya ce in mutum ya je shagon kayan gida a unguwar Harlem ranar da kaya suka sauka, shinkafa zai fara ɗauka ko ɗanyar kuɓewa? Shinkafa ita ce abincin, amma buhu-buhu take, har magariba tana nan. Kuɓewa kwando ɗaya ce, kafin ka juya an wawashe. Kowa kwatabak ɗaya yake bukata, su goma ne a ɗakin, masu jefawa kuwa sun fi talatin, kuma tsakanin gwaninsu da na gomansu tazarar ba ta kai ta kawo ba. Masu gudu kowa na neman biyu ko uku, nagarinsu 'yan kaɗan ne, ga shi ba sa daɗewa ba a karya su ba. Wanda ya yi gaggawar ɗaukar ja, kafin layi ya zagayo kansa korayen kirki sun ƙare. Ya ce abin ba wuya, haƙurin zama ne kawai, kana kallo ana ɗauke manyan sunaye a gabanka ba ka motsa ba.

Na ce da tukunya, "Ashe akwai hankali a cikin shirmen."

Ya yi dariya ya fita. Ban ɗaga kai ba, amma na ji dariyar har ƙasan bene.

Abin ya same shi da safe, farkon bazara, yana shan shayi a tsaye kamar kullum, makullin mota a aljihu. Kofin ya faɗi. Ya tsaya yana kallon hannunsa na dama kamar na wani ne aka jingina masa. Ya buɗe baki zai yi magana, bakin ya karkace. Matarsa ce ta kira motar asibiti, ni na tsaya riƙe da ƙofa.

Ya dawo gida bayan makonni yana jan ƙafar dama, hannun yana lilo, sanda a hagu. Ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke. Likitar ta ce hankalinsa na nan garau, ya san abin da yake son faɗa, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa. Sai ka ga kalma ta taso masa har maƙogwaro, ya yi ta kokawa da ita, jijiyar wuya ta miƙe, daga ƙarshe wata ce daban za ta fito, ko ba komai. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa da lemo da ayaba. Su zauna a bakin kujera, su yi masa magana da ƙarfi a hankali kamar kurma, su shafa fatiha, su duba agogo. Ba wanda ya yi laifi. Amma na lura in sun fita yakan daɗe yana kallon ƙofar, ba kallon kewa ba.

Da Agusta ta zo, sai ga kwamishina. Haka suke kiran mai riƙe da dokokin wasan, abokinsa ne tun suna yara a zango, shi ma ɗan tasi. Ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, da kiran da abokai ke yi wa juna a zango, "Chale, bana ka huta. Akwai yadda ake yi, kwamfuta ya zaɓa maka, ba sai ka wahala ba." Ɗana ya ɗaga sandarsa ya buga a ƙasa har na ƙasanmu suka bugo silin. Kwamishina ya ce shi ke nan, za a zo.

Suna da wata doka, in layi ya zo kanka sai ka kira sunan ɗan wasan da bakinka kowa ya ji, kafin agogon waya ya yi ƙara. Nuni ba ya ci. Sun kafa ta ne tun shekarar da wani wanzami a cikinsu ya nuna wannan ya dawo ya ce wancan yake nufi. Ɗana ya san dokar, don da shi aka kafa ta. Kullum da hantsi in matarsa ta tafi aiki, sai ya ja ƙafa ya shiga banɗaki ya kunna famfo, wai don kada a ji. Ina ji. Sunayen Amurkawan nan yake gwadawa. Dogaye ne yawancinsu, sai ya kamo kan suna, tsakiyar ta tsinke masa, ya sake, ta sake tsinkewa, in ji ya daki bango. Amma akwai wani suna gajere, gaɓa biyu, da yake fita masa sumul. In ya gaji da sauran sai ya koma kansa, ya yi ta maimaitawa kamar mai jan carbi. Ban san sunan wane ne ba. Ban san launinsa ba.

Ranar diraf aka zaunar da shi a kujerarsa ta kullum, kusa da taga. Mazan suka shigo sumu-sumu kamar gidan makoki, kowa ya zo ya durƙusa ya riƙe masa hannu. Aka fara. Layi ya zo kansa a tsakiyar zagayen farko. Ya gyara zama, ya kalli kwali, ya kira sunan nan gajere. Ya fita tsaf, kamar bai taɓa ciwo ba. Ina tsaye da tire a bakin kicin, na ga ƙirjinsa ya sauka.

Kwamishina ne ke manna masa. Ya kai hannu kan takardun, hannun ya wuce kore, ya wuce shuɗi. Ya ɗauko ja ya manna a saman layin, inda ban taɓa ganin ja ba.

Da a ce bara ce, da rufin ginin nan ya tashi. Shekara da shekaru yana yi musu wa'azin kuɓewa da shinkafa, yau ga shi ya ɗauki buhu tun da asuba. Ɗan Nijar ya daɗe yana jiran rana irin wannan. Na dube shi. Ƙasa yake kallo, yana murza hularsa. Fanka kawai ake ji. Can kwamishina ya ce, "Madalla. Zaɓi mai kyau, chale." Wani ya ce, "Ƙwarai, ƙwarai." Wanzamin har da tafi, a hankali, irin wanda ake yi wa yaro in ya fara tafiya.

Ɗana ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya san abin da ya yi, ya fi kowa sani. Ya zaɓi abin da harshensa zai iya ɗauka ne don kada ya yi in'ina a gabansu, ya kuma shirya shan zagi a kai. Zagin bai zo ba. A zagaye na biyu ya kama wani suna ya kasa, kwamishina ya kashe agogo a ɓoye ya ƙarasa masa. A na uku ya ɗaga sanda ya nuna ƙofar ɗaki. Matarsa ta kai shi. Kwamfuta ta zaɓa masa sauran, mazan suka ƙarasa da raɗa, suka ci abinci kamar magani, suka tafi tun rana ba ta faɗi ba.

Kakar nan da sanyin nan ba na son tuna su. Da can ranar Lahadi wayarsa ba ta hutawa, zage-zage da hotunan jakuna suke tura wa juna daga safe har dare. Yanzu matarsa ta ce sun buɗe wani zauren daban inda suke yin wannan, shi kuwa addu'o'i suke turo masa, Allah ya ba da lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Ya kifa wayar a kan tebur. Ya daina kunna talabijin. Ya daina shiga banɗaki da hantsi, matar da ke zuwa koya masa magana ta yi ta fama, ya juya mata ƙeya. Abinci sai an yi da gaske. Yana zaune a bakin taga yana kallon rufin motoci, dusar ƙanƙara ta sauka ta narke ta zama baƙin taɓo, shi yana nan. Na taɓa ganin irin wannan zaman a wurin mahaifinsa, na kuma san inda yake kai mutum. Da aka rufe wasan shekarar, shi ne na ƙarshe. Ba wanda ya gaya masa. Ya sani.

Da wata Agustar ta zagayo, kwamishina ya dawo. Bai shiga ciki sosai ba, a tsaye ya yi bayani. Wai bana a wani gidan abinci a Harlem za a yi, don kada a ɗora wa gida wahala. Wai za a kira shi a waya ya ji yadda ake ciki. Maganar zane kuwa, an zauna an yafe. Ɗana bai buga sanda ba wannan karon. Ko juyowa bai yi ba.

Na bi kwamishina har kan bene. Tun yana yawo ba wando na san shi, don haka ban yi masa kwana-kwana ba.

"Wa ya zo na ƙarshe?"

"Mma Hajiya, ai kin san halin da ake ciki."

"Tambayarka na yi."

"Shi ne."

"Dokarku me ta ce?"

"Haba Mma. Mutum da hannu ɗaya? Hannun ma hagu? Mu zauna ya kawo mana abinci? Wallahi ba zan iya haɗiyewa ba."

"Lokacin da dogon nan ya ɗaura, ka haɗiye har da ƙari. Ka ga gawa a ɗakin nan ne?"

"Subhanallahi."

"To ku daina yi masa zaman makoki yana numfashi. Ranar Lahadi ku hawo benen nan, ku tara, kada in ga saura. In kun yafe masa zanen, kun cire shi ke nan, gara ku faɗa masa a fuska."

Ya tsaya yana shafa kai. Ya ce zai gaya musu. Ya sauka bai yi mini sallama ba.

Surukata ta ji komai. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ta same ni a kicin ta rufe ƙofa. "Hajiya, mijina ne. Ni nake yi masa wanka, ni nake sa masa takalmi. Ba zan tsaya ina kallo a ɗaura masa zane ana yi masa dariya ba." Na ce shekara guda ke nan ba wanda ya yi masa dariya, kin ga ya yi ƙiba? Ta ce, "Ke ba kya tausayinsa. Ban taɓa ganin kin taɓa shi ba." Na ci gaba da aikina. A zango aka haife ta, a nan ta girma, ba ta san abin da ake nufi da ɗan fari ba, kuma ba ranar koyarwa ba ce.

Zanen yana wurin wanda ya ɗaura bara, na sa aka karɓo. Na wanke na goge na ninke, na ajiye a hannun kujerarsa. Na ce da bango, "Wanda ya zo ƙarshe ya san aikinsa." Ya kalli zanen, ya sa hagu ya ture shi ƙasa. Na ɗauka na mayar. Ya sake turewa, na sake mayarwa. Washegari na tarar da shi inda na bar shi. Da hantsi na ji famfon banɗaki.

Ranar Lahadi na dafa wake da shinkafa irin na zango, da taliya da dafaffen ƙwai da shito, soyayyen yajin nan na zango, da miyar nama. Suka zo su tara, ba mai kallon idona. Surukata ta ce ba da hannunta ba, ta shige ɗaki. Shi ya miƙe da kansa a tsakiyar kicin, ya jingina sanda da firji, ya ɗaga hannun da ke ɗaguwa. Na zagaya zanen a ƙugunsa. Rabon da hannuna ya zagaye jikin nan tun yana goye. Zanen da ke yi wa ƙarti kaɗan sai da ya zagaye shi ya yi saura mai yawa. Na soke shi da kyau, na juya ga tukunya.

Ba ya iya riƙe sanda da faranti a lokaci guda. Ya bar sandar. Kafaɗa ya dinga jinginawa da bango yana jan ƙafa, faranti na rawa a hagu. Daga kicin zuwa falo ba nisa, amma a ranar tafiya ce. Na farko ya isa lafiya. Wanzami ya karɓa da hannu biyu yana cewa sannu, sannu, kamar zai yi kuka. Na biyu ya isa. Na uku na ɗan Nijar ne. Saura taku ɗaya ƙafar ta sarƙe da bakin kafet, farantin ya kife, jar miya da mai suka wanke farar shaddar tun daga ƙirji har gwiwa. Shi kuma ya zube a kan gwiwa ɗaya.

Duk suka zabura.

"Kowa ya zauna," na ce.

Ban san da irin muryar da na faɗa ba, amma sun zauna. Ya dafa hannun kujera yana ƙoƙarin tashi, ya koma, ya sake. Ba abin da ake ji sai numfashinsa. Ɗan Nijar yana zaune taliya na rataye a aljihunsa, yana cewa, "Ba komi, ba komi, wallahi ba komi."

Na ce, "Kai dogo. Da kai ne ka zuba masa, me zai ce maka?"

Ya kalle ni. Ya kalli abokinsa a ƙasa. Idonsa ya kawo ruwa, ya haɗiye. Sannan ya buɗe hannuwa ya dubi shaddarsa, ya ɗaga murya.

"Jama'a, wa ya samo muna wannan 'yar aiki? Bara ta tafi kasuwa ta kwaso kwatabak tun zagayen fari, bana ta yi mini wanka da miya! Ku maida ta gidan ubanta!"

Ɗana ya ɗago kai. Bakin nan karkatacce ya motsa.

"Ubanka," ya ce.

Garau ya fito, da muryarsa ta da. Falon ya fashe. Wanzami ya faɗo daga kujera, kwamishina yana dariya yana share ido da hula. "Ya yi ashar a gaban Mma Hajiya! A rubuta!" Na koma kicin kamar ban ji ba. Ɗana ya tashi da kansa. Ya kai sauran farantan, ya zubar da wani rabin, aka ce a cire a albashinsa.

Shi ke da zaɓen farko. Ya zauna da zanen a jikinsa, ya kamo wani dogon suna. Ya tsinke. Kwamishina ya kai hannu zai kashe agogo, ɗan Nijar ya fizge wayar ya ɗaga sama yana ƙirga masa da ƙarfi. Ya sake kamowa, gumi na zuba, ya fito da shi gutsi-gutsi kamar mai tauna tsakuwa, kafin ƙarar. Suka ce ba su san wannan ɗan wasa ba, ko ɗan garin Tamale ne? Aka manna kore a sama. Na biyu kore. Na uku shuɗi. Kowane suna sai da ya yi yaƙi da shi, sau ɗaya agogo ya riga shi aka tsallake shi, ba wanda ya ce a yafe. Jikinsa ya fara zamewa gefe a kujera, leɓensa ya bushe. Jajaye suna ta tafiya a gabansa, har da gajeren sunan nan mai sauƙi, ɗan Nijar ya ɗauke shi tun da wuri yana yi masa gwalo. Bai motsa ba. Sai da rana ta sauka bayan gine-gine, kwamishina ya sunkuya can ƙasan kwali, sannan ya kira ja.

Da suka watse, ya tsaya a tsakiyar falo ya kwance zanen da hagu. Ina tsaye kusa, hannuna a miƙe. Bai ba ni ba. Ya sake shi a ƙasa, a kan miyar da ta bushe, ya ɗauki sandarsa ya wuce ɗaki. Gwiwar da ya faɗi a kai ta kumbura, ya yi kwanaki ba ya taka ta. Surukata ta daɗe ba ta ce mini komai ba bayan gaisuwa.

Hannun bai dawo ba. Tasi ta tafi ke nan. Maganar ta dawo kaɗan, 'yan kalmomi ne, yana tattalinsu kamar gishirin aro, kuma ba ya kashe ko ɗaya a kaina. Ko ta hanyar tukunya ya daina. In na shigo falo sai ya mai da ido kan talabijin. Na san bai manta wanda ya ce kowa ya zauna ba lokacin da yake durƙushe a ƙasa, kuma ban nemi ya manta ba.

Amma talabijin ɗin a kunne yake. Ranar Lahadi wayarsa tana ta kuka a kan cinyarsa, ina kicin ina jin sa yana danna ta da babban yatsa, yana zagin wani da 'yan kalmominsa. Zanen na ɗauke daga ƙasa a daren, na jiƙa shi, man miyar bai fita duka ba. Shekarar wanzami ne ya zo na ƙarshe. Na ninke na aika masa.